Almakashin da Ke Awo Kafin Ya Yanka: Lacca a kan Daisa da Danginsa

  Ina roƙon ku ba ni aron hankalinku, domin abin da zan yi magana a kai ido ba ya ganinsa, sai dai a ga aikinsa.

Na shigo da ganye biyu a hannuna. Dukansu na rogo ne, kuma a jikin kara ɗaya na tsinko su. Wannan na hagu daga ƙasa na cire shi. Ku dubi yadda ya tattare, ya yi dabbare-dabbare, nan kore can ruwan ɗorawa. Duk wanda ya taɓa noman rogo ya san wannan cuta. Bairus ne ke kawo ta, farin ƙuda kuma ke yawo da shi daga wannan shuka zuwa waccan. Na dama kuwa sabon toho ne daga can sama, shimfiɗaɗɗe, kore shar. Ba a yi wa rogon nan feshi ba, ba a ba shi wani magani ba. Ya kamu, ya kuma farfaɗo da kansa. Tun 1928 wani masanin cututtukan shuka a Amurka, S. A. Wingard, ya rubuta irin wannan a kan taba: ganyen ƙasa ya kamu, na sama ya fito lafiya lau, ko an sake shafa masa bairus ɗin ma ba ya nuna alamar ciwo. Ya ga abin da idonsa, amma sai da aka shafe shekara 70 da ɗoriya kafin a san sunan ma'aikacin da ke bayan wannan farfaɗowa. A kansa za mu yini yau.

Bari mu fara daga tushe saboda baƙinmu. Jikin kowane mai rai an gina shi ne da ƙananan ɗakuna, ƙwayoyin halitta, waɗanda a aji muke kira sel. Ta wannan fuska halittu iri biyu ne. Akwai irin su bakteriya, da sel ɗinsu falle ɗaya ne, komai a zube. Akwai kuma masu cibiya, waɗanda a cikin sel ɗinsu aka keɓe wata ƙurya aka adana kundin gado. Mu 'yan Adam a nan muke, mu da saniya da sauro da gero da kuka da yis ɗin burodi, har da ƙwayar da ke sa zazzaɓin cizon sauro. Kundin nan shi ne DNA, kuma ba ya barin ƙurya. In an bukaci wani aiki, sai a kwafi sadarar da ake so a kan RNA, a fita da ita waje inda ake ƙera furotin. Ku tuna da makarantar allo. Littafi yana wurin malam, abin da aka rubuta wa yaro a allo kuwa na ɗan lokaci ne, in ya hardace sai a wanke a rubuta na gaba. To RNA allo ne, kuma dole a riƙa wanke shi. Shi ya sa kowane sel cike yake da sinadaran aiki, wato enzayim, masu yanka RNA. Yawancinsu shara ce sana'arsu: su daddatse tsohon saƙo, a kwashi haruffansa a sake rubutu da su.

Akwai wani gida a cikinsu da ya fita daban. RNA zare ne mai haruffa huɗu, A da U da G da C. A takan kama U, G takan kama C. Idan zare biyu da suka dace da juna suka haɗu, sai su murɗe su zama igiya mai tufka biyu. A cikin lafiyayyen sel, doguwar igiya irin wannan baƙuwa ce. Amma bairus, in yana kwafin kansa, da wuya ya kauce wa samar da ita. Sawun ɓarawo ke nan. A 1968, a Jami'ar Rockefeller da ke New York, Hugh Robertson da Robert Webster da Norton Zinder suka tsamo wani enzayim daga bakteriyar hanji, E. coli, wanda ba ruwansa da zare tilo, mai tufka biyu kaɗai yake yanka. Suka kira shi RNase III. Yankansa yana da shaida, kamar yadda makiyayi ke tsaga kunnen dabbarsa: ba ya datse zaren biyu daidai wa daida, kullum yakan bar haruffa biyu suna reto a bakin yankan. Ku riƙe haruffan nan biyu, za mu dawo kansu.

An yi shekaru ana kallon wannan enzayim a matsayin ɗan aikin bakteriya kawai. Labarin ya sake tasowa ne ta wata hanya da ba wanda ya zata, ta wajen fure. A 1990 Carolyn Napoli da Richard Jorgensen, a Kaliforniya, suka so su ƙara wa furen petuniya duhun shunayya. Suka ƙara masa kwafin ƙwayar gadon da ke sa launin, bisa lissafin cewa in ka ƙara baba a marina, shuɗi ƙaruwa yake. Sai kashi 42 cikin ɗari na shukokin suka fito da fure fari fat, ko fari da ratsin shunayya. Sabon kwafin ya yi shiru, ya kuma ja na asalin ya yi shiru tare da shi. Bayan shekara biyu, a birnin Rum, Nicoletta Romano da Giuseppe Macino suka ga kwatankwacin haka a jikin wata fumfuna. Abin da nake so ɗalibai su lura da shi a nan shi ne, mutanen nan gwajinsu ya ba su akasin abin da suka nema, kuma ba su zubar da shi a kwandon shara ba. Sun rubuta shi yadda ya zo. Ni a wurina wannan ne ginshiƙin labarin duka.

Kullin ya fara warwarewa ne a watan Fabrairun 1998. Andrew Fire da Craig Mello suna aiki da wata 'yar tsutsar ƙasa, C. elegans, wadda tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba. Suka zaɓi wata ƙwayar gado ta tsoka, wadda in ta lalace tsutsar takan riƙa fizge-fizge. Suka yi wa tsutsa allurar zare ɗaya na RNA ɗin wannan ƙwaya, ba a ga wani abin kirki ba. Suka yi da ɗaya zaren, haka nan. Da suka haɗa biyun suka zama tufka biyu, sai ga 'ya'yan tsutsar suna ta fizga. Kuma 'yan ƙwayoyi ƙalilan a kowane sel sun isa su rufe bakin saƙon gaba ɗaya, alamar cewa akwai wani inji a ciki da ke karɓar abin yana juya shi. Wannan aiki ne ya ba su kyautar Nobel a 2006. A 1999 kuma, a Norwich ta Ingila, Andrew Hamilton da David Baulcombe suka duba shukokin da irin wannan shiru ya same su, suka tarar da wasu 'yan gutsattsarin RNA masu haruffa kusan 25. Me ya hana a gan su tun da? Ƙanƙanta. A irin tacewar da aka saba yi a ɗakin gwaji, sukan zurare ta ƙasa su ɓace, a ɗauka tarkace ne.

Da aka auna gutsattsarin da kyau a jikin ƙudan 'ya'yan itace, sai aka ga abu biyu. Tsawonsu kusan ɗaya ne, haruffa 21 zuwa 23. Sannan ga haruffan nan biyu suna reto a bakin kowanne. Shaidar gidan RNase III ke nan. A watan Janairun 2001, Emily Bernstein, tana ɗalibar digiri na uku a ɗakin gwajin Gregory Hannon a Cold Spring Harbor, ta bi 'yan gidan ɗaya bayan ɗaya har ta kama wanda ke yin aikin. Suka raɗa masa suna da Turanci, Dicer, mu ce Daisa, ma'ana mai yayyanka abu ƙanana daidai da juna, kamar yadda uwargida ke yi wa albasar miya.

A nan nake so in ɗan daɗe, domin a nan daɗin abin yake. Yaya furotin, wanda ba shi da ido ba shi da lissafi, zai ƙirga haruffa ashirin da 'yan kai ya yanka, ya sake ƙirgawa ya yanka, ba kuskure? Amsar ta fito a 2006 daga ɗakin gwajin Jennifer Doudna a Berkeley, inda Ian MacRae ya fitar da surar Daisa. Kuma daga jikin wa ya samo shi? Daga Giardia, ƙwayar nan da ke shiga hanji ta gurɓataccen ruwa ta sa yara gudawa. Surar kamar gatari take. A ƙarshen ƙota akwai wani ɗan aljihu da haruffan nan biyu masu reto ke shiga su zauna daram. A wajen ruwan gatarin kuma akwai baki biyu masu kaifi, kowanne da nasa zaren da yake yanka, da taimakon sinadarin maganiziyam. Tazarar da ke tsakanin aljihu da baki ita ce tsawon haruffa 25, kuma haka ne tsawon abin da Daisan Giardia ke yankowa. Ku je Kantin Kwari ku tsaya wajen mai sayar da yadi. Yakan danne bakin yadi a ƙarshen sandar awo, ya ja zuwa ɗaya ƙarshen, ya sa almakashi. Ba ya ƙirga zare. Sandar ce ke yi masa lissafi. Daisa shi ne sandar, shi ne kuma almakashin. Da ya yanka, sabon bakin ma yana da haruffa biyu masu reto, sai ya sake cusa su a aljihu ya ci gaba har igiyar ta ƙare.

To me ya sa awon ke da muhimmanci haka? Saboda gutsuren da aka yanka ba shara ba ne, akwai mai jiransa. Wani furotin ne mai suna Argonot, wanda aka fara gani a 1998 a jikin wata 'yar ciyawa, Arabidopsis, kuma hannunsa ba ya karɓar komai sai mai wannan tsawo da wannan baki. Yakan karɓa, ya yar da zare ɗaya, ya riƙe ɗaya, ya shiga yawo cikin sel da shi kamar mai cigiya. Duk RNA ɗin da ya dace da abin da ke hannunsa, sai ya kama shi ya yanka a tsakanin harafi na 10 da na 11, ya sake shi ya nemi wani. Ku lura da hikimar. Sel bai san bairus ɗin ba tun farko, ba shi da hotonsa a ajiye. Daga jikin maharin aka yago kamanninsa, aka miƙa wa 'yan farauta. Da ɗan gari akan ci gari. Awon ma ba a banza aka tsayar da shi a nan ba. Da haruffa biyar ne ko shida, da sun dace da saƙonnin gida barkatai, a yi ta yanka marasa laifi. Haruffa ashirin da 'yan kai sun isa su bambance saƙo ɗaya daga dubbai, kuma ba su yi tsawon da za su gagari ɗauka ba.

Yanzu mu koma ga ganyenmu. A shuka, gutsattsarin nan ba sa tsayawa inda aka yanka su. Gwaje-gwajen aure da aka yi a 1997, inda aka ɗora reshen wata taba a kan gindin wata, sun nuna cewa saƙon shirun yana haurawa daga gindi zuwa reshe. Yana bin hanyar da abincin shuka ke bi. Wato ganyen ƙasa ya sha wuya, amma ya aika da kamannin ɓarawo zuwa sama, sabon toho ya fito a shirye. A 2004 ƙungiyar Claude Fauquet a St. Louis ta nuna wannan a kan bairus ɗin rogo: inda gutsattsarin suka taru da yawa, shuka ta farfaɗo, nau'in bairus ɗin da bai bari suka taru ba kuwa, ciwonsa ya zarce. Ai maharin ma ba zaune yake ba. Kusan kowane bairus ɗin shuka da aka bincika yana ɗauke da furotin na toshe wannan hanya. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne p19, na wani bairus ɗin tumatir. Shi ma awo yake yi! Yakan buɗe hannu daidai tsawon haruffa 21, ya cafke gutsuren kafin ya isa ga Argonot, ya riƙe. Ƙarfin awon Daisa shi ne kuma lagonsa, kuma abokin gaba ya gano haka tun kafin mu.

Na ce dangi ne, kuma tsohon dangi. Ana samun Daisa a dabbobi da shuke-shuke da fumfuna da ƙananan halittu masu sel ɗaya, rassan da suka rabu da juna fiye da shekara biliyan ɗaya da suka wuce. Masu bin salsala sun tafi a kan cewa kakan masu cibiya duka yana da shi, shi da Argonot. Sai dai kowane reshe ya sarrafa gadonsa yadda ya dace da shi. Mutum Daisa ɗaya gare shi. Ƙuda da sauro biyu, ɗaya na harkokin gida, ɗaya na yaƙi. Arabidopsis tana da huɗu, kowanne da tsawon sandarsa: biyu suna yanka 21, ɗaya 22, ɗaya 24. Mai 24 ɗin nan aikinsa a cikin ƙurya yake. Gutsattsarinsa kan jagoranci a sa wa DNA kanta alamar kulle, musamman ɓangarorin nan masu tsalle daga wuri zuwa wuri da Barbara McClintock ta gano a masara, aka ba ta Nobel a 1983. Kusan kashi 85 cikin ɗari na kundin masara irin waɗannan ne. Ba don ana danne su ba, da sun yaga kundin.

Sauro ma na da darasi. Kun taɓa tambayar kanku me ya sa sauron da ke ɗauke da bairus ɗin shawara ko na dengi ba ya mutuwa? Daisansa na biyu yana cikin masu rage wa bairus ƙarfi, ya riƙe shi a ma'aunin da sauron zai rayu da shi. Da masu bincike suka sa wa wani bairus furotin ɗin toshe wannan hanya suka ba sauro, sai sauron ya riƙa mutuwa. Garkuwar da ta tsare shi ita ce ta ba shi tsawon ran da yake kawo mana cuta.

Amma ba kowa ne ya riƙe gadon ba, kuma waɗanda suka yar da shi sun koya mana abu mai yawa. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ba ta da Daisa, ba ta da Argonot, kamar yadda aka tabbatar a 2009. Ƙwayar sammore da ciwon barci, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa, tana da su, tun 1998 ƙungiyar Elisabetta Ullu ta nuna hanyar tana aiki a jikinta, kuma da wannan hanya masu bincike suka riƙa kashe bakin ƙwayoyin gadonta ɗaya bayan ɗaya don su gano yadda magani ke shiga jikinta. 'Yar'uwarta ta Kudancin Amurka, mai sa cutar Chagas, ta rasa su. Yis ɗin burodi shi ma ya rasa, ko da yake ya riƙe wani ɗan gidan, Rnt1, da ke gyara masa wasu RNA na aiki. A 2009 ƙungiyar David Bartel ta ɗauko Daisa da Argonot daga wani yis na kusa ta mayar masa, hanyar ta tashi tamkar ba ta taɓa mutuwa ba. Bayan shekara biyu suka nuna abin da ya samu a madadinta. Akwai wani bairus mai tufka biyu da ke zaune a jikin yis ɗin, yana ba shi dafin da yake kashe maƙwabtansa da shi, ya cinye abinci shi kaɗai. Da aka mayar masa da Daisa, sai ya daddatse baƙon, dafin ya tafi. Wato ya sallami mai gadi ne don ya sauki ɗan haya mai bindiga.

A jikinmu kuwa babban aikin Daisa na cikin gida ne. Tun 1993 Victor Ambros tare da Rosalind Lee da Rhonda Feinbaum, da kuma Gary Ruvkun a nasa ɓangaren, suka gano cewa tsutsar nan tana ƙera wani ɗan RNA mai haruffa 22 da kanta, tana rage muryar wata ƙwayar gado da shi a lokacin girma. Aka ɗauke shi al'amarin tsutsa. Sai a 2000 ɗakin Ruvkun ya gano na biyu, let-7, aka duba aka same shi a ƙuda da kifi da mutum. Yau an san mutum yana da ƙwayoyin gadon irin waɗannan ƙananan RNA fiye da dubu, kuma suna taɓa fiye da rabin ƙwayoyin gadonmu masu ƙera furotin. Sukan fito ne a matsayin zare ɗaya da ya lanƙwaso ya kama kansa kamar ƙugiya. A cikin ƙurya wani ɗan gidan, Durosha, wanda V. Narry Kim ta Jami'ar Seoul ta fayyace aikinsa a 2003, yakan yanke gindin ƙugiyar ya bar haruffa biyu suna reto. A waje Daisa ya karɓa, ya auna, ya yanke kan. Wa da ƙane ne a sana'a ɗaya, yankan na farko shi ne mariƙin na biyu. Ambros da Ruvkun sun karɓi Nobel a 2024, shekara 31 bayan aikin.

In Daisa ya lalace fa? Ɓeran da aka cire wa shi gaba ɗaya ba ya wuce kusan mako guda a cikin mahaifa. A mutum, ƙwayar gadonsa tana kan kuromozom na 14. A 2009 aka gano cewa iyalan da ke gadon kwafi ɗaya mai lahani, 'ya'yansu kan kamu da wata cutar dajin huhu da ba a cika gani ba, mai kama ƙananan yara, ga kuma maƙoƙo da ƙari a ƙoda ko a ƙwan mace. Ina faɗa wa likitocinmu wannan ne domin tarihin dangi abu ne da ake tambaya ba tare da na'ura ba.

Daga fahimta sai amfani. Doguwar igiya mai tufka biyu ba ta shiga jikin mutum lafiya, domin sel ɗinmu yakan ɗauke ta a matsayin hari ya rufe komai. A 2001 ƙungiyar Thomas Tuschl a Jamus ta nuna mafita: a ƙera gutsuren tun a waje, haruffa 21 da biyu masu reto, a kwaikwayi yankan Daisa, Argonot zai karɓa. Daga nan zuwa magani na farko an sha wahala, manyan kamfanoni sun zuba kuɗi sun janye, domin isar da gutsuren cikin sel ya yi wuya, ga kuma matsalar kama da wane ba ta wane, inda yakan taɓa saƙon da ba shi aka aike shi ba. Sai a watan Agustan 2018 Amurka ta amince da patisiran, na wata cutar jijiyoyi ta gado. An naɗe shi ne a cikin 'yan ƙwayoyin kitse, irin dabarar da daga baya ta ɗauki rigakafin korona. Akwai kuma inclisiran, allurar da bayan farawa ake yi sau biyu a shekara, tana rage mugun kitsen jini da kusan rabi.

Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne na sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da wannan ciwo a Nijeriya kowace shekara, kuma da wuya a samu wani a ɗakin nan da bai san gidan da ake kwana ana jinyarsa ba. Jariri yana da irin nasa sinadarin jan jini wanda ba ya lanƙwasa sel, amma bayan haihuwa wani furotin, BCL11A, yakan kashe shi. A Asibitin Yara na Boston an ɗebi ƙwayoyin ɓargon masu sikila, aka sa musu wata ƙugiyar RNA da Durosha da Daisa na jikinsu za su yanka, gutsuren ya je ya rage muryar BCL11A. A rahoton da suka buga a watan Janairun 2021 a kan mutum shida, jinin jarirantaka ya dawo sosai a jikin dukansu, ciwon ya lafa. Gwaji ne, yana bukatar a share ɓargo da magani mai ƙarfi, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Ba na so kowa ya fita daga nan ya ce an samo maganin da za a saya gobe. Gwajin jini kafin aure yana nan a matsayinsa.

A gona an fi yin nisa. Gwandar Hawai da aka raba wa manoma a 1998, bayan bairus ya kusa gamawa da gonakinsu, wani gutsuren bairus ɗin aka dasa mata, garkuwarta ta zauna a shirye. A watan Yunin 2021 hukumar kula da irin waɗannan iri ta Kenya ta amince da rogon da aka shirya ta wannan hanya don ya jure cutar da ke ruɓar da saiwarsa a gabashin Afirka. A ƙarshen 2023 Amurka ta yi rajistar feshin RNA mai tufka biyu na wani ƙwaron dankalin Turawa: ƙwaron ya ci, Daisan cikinsa ya yanka, ya rufe bakin wata ƙwayar gadon da ba ya rayuwa sai da ita. Na san akwai masu ɗari-ɗari da irin da aka taɓa gadonsa, kuma tambayoyinsu a kan wa ke mallakar iri da wa ke sa ido halal ne. Ra'ayina shi ne a auna kowane iri da hujjarsa, kuma masu awon su zama namu, waɗanda suka san yadda abin ke aiki.

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya. Dattawan da ke nan sun tuna 1975, shekarar da kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta cinye kusan hekta 700,000 a Arewa, ta ƙara durƙusar da sana'ar da ta gina dalar gyaɗa a Kano. Waken da muke nomawa, da tumatir da barkono da kuɓewa, kowanne da bairus ɗin da ke addabarsa, kuma a cikin kowane ganye nasu wannan yaƙi na gudana. Duk da haka har yau a ajujuwa da yawa ana koya wa ɗalibi cewa RNA ɗan aike ne kawai, a wuce. Ina roƙon malamaina masu tsara manhaja su gyara wannan. Ina roƙon masu raba kuɗin bincike su daina tambayar matashi me aikinsa zai sayar a bana, domin daga fure da tsutsa aka taso aka kai ga gadon asibitin Boston.

Ku kuma ƙannena ɗalibai, aikin farko ba ya bukatar na'ura mai tsada. Damina mai zuwa ku shiga gonar da cuta ta kama. Ku nemi shukar da ta farfaɗo a tsakiyar waɗanda suka kwanta, ku ɗaura mata ƙyalle, ku rubuta irinta da ranar da kuka gan ta, ku tambayi manomin inda ya samo irin. Ku adana ganyen ƙasa da na sama daban-daban, ku kawo mana. Yau akwai na'urorin da ke karanta gutsattsarin nan harafi bayan harafi, har a harhaɗa su a gane bairus ɗin da ya shiga shukar ko da ba a taɓa saninsa ba, kamar yadda aka fara yi da dankalin Hausa a cibiyar binciken dankali ta Peru a 2009. Ganyen gonakinmu muke jira.